Daga Ganye Zuwa Tsantsar Sinadari: Yadda Ake Ware Sinadaran Tsirrai a Gwada Aikinsu

Ganye ɗaya, komai ƙanƙantarsa, yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai. Idan aka ce tsiro kaza yana kashe ƙwayoyin cuta, galibi ɗaya ko biyu ne daga cikinsu ke yin aikin, sauran kuwa 'yan rakiya ne: koren launin ganye, kitse, kaki, sukari da tanin. Aikin mai bincike shi ne ya bi sawun mai aikin har ya fito da shi shi kaɗai, ya gano siffarsa, ya auna ƙarfinsa da gubarsa. Ta haka Pelletier da Caventou suka fitar da kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820, ta haka kuma Wall da Wani suka bayyana siffar fakilitakzel, maganin ciwon daji da ke ɓawon itacen Taxus brevifolia, a 1971.

Ƙa'ida guda ce ke riƙe da dukkan aikin: duk lokacin da aka raba tsimi gida-gida, a auna nauyin kowane kaso, a gwada aikinsa, sannan a ci gaba da wanda ya nuna ƙarfi kaɗai. Wanda ya tsallake gwajin, yana iya ɓata wata shida yana tsarkake sinadarin da ya fi yawa a cikin tsiron, alhali mai aikin yana cikin kwalbar da ya ture gefe.

Tabbatar da tsiron

Sunan da jama'a ke kiran tsiro da shi bai isa shaida ba, domin suna ɗaya kan haɗa tsirrai biyu ko uku. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata da dama sun rasa ƙodarsu bayan shan maganin rage ƙiba wanda aka sa Aristolochia fangchi a cikinsa a maimakon Stephania tetrandra. Sunayen tsirran biyu sun yi kama a harshen Sinanci, amma na farkon yana ɗauke da sinadarin aristolokik asid mai lalata ƙoda. Saboda haka a yanki reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a danne shi tsakanin takardu ya bushe, a kai wa masanin tsirrai a ma'ajiyar busassun tsirrai ya tabbatar da sunan kimiyya, ya ba da lambar ajiya. A rubuta wurin da aka tsinko, kwanan wata, sashen da aka ɗauka da kuma ko tsiron ya yi fure, domin yawan sinadari yana sauyawa da lokaci da ƙasa da shekarun tsiro. Idan za a ketare iyaka da samfur, ko za a yi amfani da ilimin masu maganin gargajiya, akwai Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, da ke buƙatar izini da yarjejeniyar raba amfani.

A tara da yawa tun farko. Kilo ɗaya na busasshen gari shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a fara da shi idan ana son kaiwa ga tsantsar sinadari, kuma ɗanyen ganye yakan rasa fiye da rabin nauyinsa wurin bushewa. Wasu sinadaran ƙalilan ne ƙwarai: ana buƙatar ɗaruruwan kilo na busasshen ganyen Catharanthus roseus kafin a samu giram ɗaya na binkiristin, wani maganin ciwon daji.

Busarwa da niƙa

A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, shimfiɗa ɗaya ba tsibi ba, ana juyawa kullum. Idan a tanda za a busar, kada zafin ya wuce digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Rana kai tsaye tana lalata sinadarai masu launi, tana kuma korar masu ƙamshi. Ganyen da ya karye ƙwas a hannu ya bushe. Wanda ya lanƙwashe yana da sauran danshi. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar da shi gaba ɗaya, kada a ce za a tsince, domin fumfuna tana samar da nata sinadaran masu kashe bakteriya, sai a jingina wa tsiron aikin da ba nasa ba. Wanda ke neman man ƙamshi kada ya busar. Da ɗanyen ganye ake tatsarsa ta hanyar tururi.

A niƙa ya zama tsaki-tsaki, ƙwayoyin da ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Gari mai laushi sosai yana toshe takardar tacewa, yana kuma dunƙulewa ruwa ya kasa ratsa shi.

Jiƙawa: zaɓen ruwan narkarwa

Sinadari mai son mai yana narkewa a ruwan narkarwa mai son mai, mai son ruwa kuma a mai son ruwa. Jerin da aka saba da shi, daga mafi son mai zuwa mafi son ruwa, shi ne hekzen, dikuloromitan, etil asitet, butanol, etanol ko metanol, sai ruwa. Idan ba a san abin da ake nema ba, metanol ko etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 ya fi, domin yana kwaso kusan kowane rukuni.

A zuba gari kilo 1 a babbar kwalbar gilashi, a rufe shi da lita 5 zuwa 10 na ruwan narkarwa, a toshe, a bar shi awa 48 zuwa 72 ana girgizawa lokaci-lokaci. A tace da auduga, sannan da takardar Whatman lamba 1. A sake jiƙa dusar sau biyu da sabon ruwa. Jiƙo uku da ruwa madaidaici ya fi jiƙo ɗaya da ruwa mai yawa fitar da sinadari. Iri da 'ya'ya masu mai, a fara wanke garinsu da hekzen kafin a jiƙa a metanol, in ba haka ba man zai bi aikin har ƙarshe yana hana komai bushewa.

Kada robar leda ko bututun roba mai laushi su taɓa ruwan. Suna sakin sinadaran fitalet, waɗanda ake sa wa roba don ta yi laushi, kuma an sha ganin an ba da rahotonsu a matsayin sabon abin da aka gano a tsiro. Gilashi da murfin Teflon su ne abin amfani.

Na'urar Soxhlet, wadda aka ƙirƙira a 1879, tana rage yawan ruwan da ake kashewa, amma abin da ta fitar yana zaune cikin tafasasshen ruwa na sa'o'i. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Sin sun daɗe suna samun sakamako mai hawa da sauka daga Artemisia annua, har sai da Tu Youyou ta koma ga wani tsohon rubutu da ya ce a jiƙa ganyen a matse ruwansa, ba a dafa ba. Ta koma amfani da ether, wani ruwan narkarwa da ke tafasa a digiri 35, a 1971 tsimin ya yi cikakken aiki a jikin ɓeraye, a 1972 aka ware atemisinin, a 2015 ta samu kyautar Nobel. Matuƙar ba a tabbatar sinadarin yana jure zafi ba, a jiƙa a sanyi.

A ƙafar da ruwan a na'urar ƙafarwa mai juyawa, ruwan wankan a digiri 40, ana rage matsin iska a hankali. Kada a cika tulun ya wuce rabi. Tsimi mai safonin, sinadarin tsiro mai kama da sabulu, yana kumfa ya haura. Idan ya fara, a saki iska kaɗan, a rage saurin zuƙar. Abin da ya rage, kakkaura mai danƙo, a ƙarasa busar da shi a tukunyar busarwa har nauyinsa ya daina sauyawa. A lissafa abin da aka samu: giram 80 daga kilo 1 kashi 8 cikin 100 ke nan. Kafin a taɓa komai, a ware giram 2 zuwa 3 a sa a firiza. Da shi za a riƙa kwatanta duk abin da ya biyo baya.

Duk wannan a cikin akwatin zuƙe tururi ake yinsa, da tabarau da safar hannu. Metanol yana makantarwa, hekzen da ether suna kama wuta daga nesa, tsohuwar kwalbar ether tana tara sinadarin da ke fashewa, ƙurar silika kuma tana lalata huhu.

Rabon farko da mazurari

A narkar da giram 50 na tsimin a mililita 500 na metanol da ruwa, tara bisa ɗaya. A zuba a mazurarin raba ruwa, a ƙara hekzen mililita 300, a kifa mazurarin a hankali sau goma zuwa goma sha biyar, ana buɗe famfon a kai a kai don tururi ya fita, bakin yana kallon nesa da fuska. A bar shi ya rabu. Hekzen ne a sama, yana ɗauke da kitse, kaki da yawancin koren launi. A maimaita sau uku. Sai a ƙafar da metanol ɗin, a ƙara ruwa ya kai mililita 500, a wanke da dikuloromitan sau uku, etil asitet sau uku, sannan butanol wanda aka riga aka girgiza da ruwa ya ƙoshi.

A lura da wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Dikuloromitan ya fi ruwa nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya. Etil asitet da butanol a sama suke. Idan aka yi shakka, a ɗiga ɗigon ruwa a ga inda ya shige. Kada a zubar da kowane ɓangare sai an gama aikin gaba ɗaya.

Matsalar da ta fi damun mutane a nan ita ce ruwan biyu su ƙi rabuwa, su yi wani kauri fari-fari a tsakiya. Girgiza da ƙarfi ne ke jawo haka, musamman idan akwai safonin. Maganinsa haƙuri na awa ɗaya ko biyu, ko ƙara ruwan gishiri mai kauri, ko tacewa ta auduga, ko juya shi a injin santirifuj. Butanol yana tafasa a wajen digiri 118, yana da wuyar ƙafewa. Ƙara masa ruwa kaɗan-kaɗan a cikin tulun yana taimaka masa ya tafi. Kason ruwa kuwa a daskarar da shi a busar a injin busarwa na sanyi, domin idan ya kwana biyu a waje zai ruɓe.

Yanzu akwai kaso biyar. Tafinoyid marasa sukari da yawancin alkaloyid sukan taru a dikuloromitan, filabonoyid da sauran finolik a etil asitet, safonin da masu ɗauke da sukari a butanol. A haɗa nauyinsu a kwatanta da giram 50 da aka fara da su. Giɓi babba yana nufin wani abu ya maƙale a wani wuri.

Alkaloyid suna da tasu gajeriyar hanya. A narkar da tsimin a ruwan asid mai rauni, haidirokulorik kashi 2 cikin 100, ma'aunin pH ya sauka zuwa 2 ko ƙasa da haka. Alkaloyid za su zama gishiri su shiga ruwa. A wanke da dikuloromitan a kawar da datti, a ƙara amoniya har pH ya kai 9 zuwa 10, a sake wankewa da sabon dikuloromitan, wanda a wannan karon zai kwaso su. Ruwan gwajin Dragendorff yana ba su launin ruwan lemo.

Gwajin aiki, wanda shi ne jagora

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan ne bincike da yawa ke karkacewa. Ga yadda ake gwajin kashe bakteriya a faranti mai rami 96, wanda ke ba da mafi ƙarancin ƙarfin da ke hana su tsiro, wato MIC.

A narkar da kowane kaso a ruwan narkarwa mai suna DMSO, miligiram 50 a mililita ɗaya. A sirka kashi ɗaya da kashi 24 na romon Mueller-Hinton, wato abincin da bakteriya ke tsiro a cikinsa. A zuba maikurolita 100 na romo a kowane rami, a ƙara maikurolita 100 na samfurin a ramin farko, a gauraya, a ɗebi 100 a kai rami na biyu, haka har ƙarshen layi, a zubar da ɗiban ƙarshe. A haɗa ƙwayoyin cutar daga faranti na kwana ɗaya su kai kaurin 0.5 na ma'aunin McFarland, wato kimanin ƙwayoyi miliyan 150 a mililita, a sirka sau 150, a zuba maikurolita 100 a kowane rami. Ramin farko ya zama maikurogiram 500 a mililita da DMSO kashi 1 cikin 100, na biyu 250, na uku 125, ƙwayoyin kuma wajen dubu 500 a mililita. A ajiye a digiri 35 zuwa 37 na awa 16 zuwa 20. Da yake tsimin tsiro yana da launi da gurɓi, ido kan ruɗe; a ƙara resazurin, shuɗi ne, yana komawa ruwan hoda inda ƙwayoyi ke raye. Ramin mafi rauni da ya tsaya shuɗi shi ne MIC.

Farantin da babu ramukan shaida a cikinsa ba shi da amfani. Ana buƙatar romo zalla, romo da ƙwayoyi, romo da ƙwayoyi da DMSO, da sanannen magani irin sifurofulokzasin. A ƙara layin samfur ba ƙwayoyi, domin wasu sinadaran tsiro da kansu suke juya launin resazurin. A yi amfani da ƙwayoyin da aka san asalinsu, kamar Staphylococcus aureus ATCC 29213 da Escherichia coli ATCC 25922, a maimaita a ranaku uku daban-daban.

Batun adadi yana buƙatar gaskiya. Tsimin da sai ya kai miligiram 5 ko 10 a mililita yake hana bakteriya tsiro ba mai aiki ba ne. Kusan kowane ganye zai yi haka. Abin da ya cancanci a bi shi ne tsimi mai MIC ƙasa da maikurogiram 100 a mililita, tsantsar sinadari kuma ƙasa da 10. Gwajin faifan takarda a kan aga, wato daskararren abincin bakteriya, yana da sauƙi, amma faɗin da'irar ya dogara da yadda sinadarin ke ratsa aga mai ruwa, don haka mai son mai yana iya zama mai ƙarfi ya ba da ƙaramar da'ira.

Tanin babban mayaudari ne. Yana manne wa kowane furotin, sai ya nuna kamar yana hana kowane inzayim aiki. A ratsa samfurin ta garin foliyamaid ko PVPP a sake gwadawa; idan aikin ya ɓace, tanin ne. Safonin yana fasa fatar ƙwayar halitta ko wace iri ce. Sinadaran tsiro irin kakumin da kwasetin suna nuna aiki a gwaje-gwaje barkatai a cikin kwalba, abin da ba ya nufin za su yi haka a jiki. Gwajin DPPH, wanda ake karantawa a nanomita 517 bayan minti 30 a duhu, yana nuna cewa sinadarin yana ba da lantarki ga wani sinadari mai launin shunayya, iyakarsa ke nan. Bai isa a ce tsiro yana maganin wata cuta ba. Kuma duk abin da ya kashe ƙwayar cuta, a gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyin halittar dabba da gwajin MTT, wanda ke auna yawan waɗanda suka rayu. A raba ƙarfin da ke kashe rabin lafiyayyun da ƙarfin da ke hana rabin ƙwayar cutar. Ana son amsar ta kai 10 ko fiye. Ƙasa da haka, guba ce kawai aka samu.

Farantin TLC kafin bututu

Da an san kason da ke aiki, a nemi ruwan da zai raba shi a farantin silika 60 F254, wanda ake kira farantin TLC. A ja layi da fensir santimita ɗaya daga ƙasa, a ɗiga samfur ɗan ƙarami da siririn bututun gilashi, a tsayar da farantin a rufaffiyar kwalba mai ruwan da bai kai layin ba. A fara da hekzen da etil asitet, bakwai bisa uku. A duba a ƙarƙashin fitilar UV a nanomita 254 da 365, a zagaye ɗigogin da fensir, sannan a fesa banilin da salfurik asid a gasa a digiri 105 zuwa 110 na 'yan mintuna. Tafinoyid da sitirol da yawa ba sa bayyana a UV, sai an fesa. Ferik kuloraid yana mai da finolik kore ko shuɗi mai duhu.

Ana son ɗigon da ake nema ya hau kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na tafiyar ruwan. Idan ɗigo ya ja wutsiya, ko samfur ya yi yawa, ko sinadarin asid ne, ko alkaloyid. Ɗigo kaɗan na asitik asid yana gyara na farko, na amoniya ko tirayetilamin yana gyara na biyu. Akwai ɗan gwajin da ke ceton wahala mai yawa: a ɗiga samfur a kusurwar faranti mai murabba'i, a hau da shi, a busar, a jira rabin awa, a juya farantin gefe a sake hawa da ruwa iri ɗaya. Ɗigogin da suka kauce daga layin kusurwa zuwa kusurwa suna nuna silika tana lalata sinadarin, sai a koma wani garin rabawa, irin alumina, Sephadex ko C18.

Bututun silika

Ga giram 10 na kaso, a ɗauki silika giram 300 zuwa 500. Rabo mai wuya yana iya cin ninki 100. Giram 300 a bututu mai faɗin santimita 5 zai kai tsawon santimita 30 ko kusa. Silika mai lambar raga 60 zuwa 120 tana tafiya da nauyin ruwa kawai, mai 230 zuwa 400 tana rabawa da kyau amma sai da matsin iska. A toshe ƙasa da auduga, a dama silikar da hekzen, a zuba a lokaci ɗaya, ana bubbuga gefen bututun har ta zauna ba kumfa.

Samfurin da ba ya narkewa a hekzen, a narkar da shi a metanol kaɗan, a gauraya da silika ninki biyu na nauyinsa, a busar ya zama gari mai zuba, a shimfiɗa a saman bututun daidai wa daida, a rufe da yashi santimita ɗaya. Idan da sauran metanol a garin, komai zai gangaro tare a kwalaben farko. A fara da hekzen zalla, sai 95 bisa 5 da etil asitet, 90 bisa 10, 80 bisa 20, 70 bisa 30, rabi da rabi, etil asitet zalla, sannan a shigo da metanol kaɗan-kaɗan. Kowane mataki ya samu ruwa ninki biyu zuwa uku na girman silikar. Ruwa kada ya taɓa sauka ƙasa da saman silika. Da ta bushe za ta tsage, sinadarai su bi tsagar su cakuɗe. Tsallen gaggawa daga ruwa mai son mai zuwa metanol ma yana ɗumama silikar ya tsaga ta. Kuma kada a bar bututu ya kwana a tsaye da samfur a ciki, domin layukan da suka rabu za su bazu su sake haɗuwa.

A tara mililita 50 zuwa 100 a kowace kwalba mai lamba, a duba su a TLC, a haɗa masu kama da juna su zama rukuni takwas zuwa goma sha biyar. A auna, a gwada aiki. Alamar ana kan hanya ita ce nauyi yana raguwa, ƙarfi yana ƙaruwa, wato MIC yana sauka: misali tsimi 250, kaso 62, rukuni 16. Rukunin da ya yi fice a ratsa shi ta Sephadex LH-20 da metanol, wanda ke raba koren launi da finolik cikin sauƙi ba tare da cinye samfur ba, sannan ƙaramin bututun silika ko HPLC, na'urar rabawa mai tura ruwa da matsi, mai bututun C18.

Wani lokaci aikin yakan ɓace gaba ɗaya bayan bututu. Dalilai uku ne: sinadarin ya lalace, ya maƙale a silika, ko kuma sinadarai biyu ne ke aiki tare aka raba su. A wanke bututun da metanol zalla a gwada abin da ya fito. Sannan a sake haɗa rukunan gwargwadon nauyinsu a gwada. Idan aikin ya dawo, haɗin gwiwa ne, kuma wannan sakamako ne mai daraja da ya cancanci a rubuta shi.

Tsarki da siffa

Kiristal ita ce hanya mafi arha ta tsarkakewa. A narkar da samfur a mafi ƙarancin ruwa mai ɗumi, a ɗiga ruwan da ba ya narkar da shi har ya fara gurɓacewa, a rufe, a bar shi ya huce a hankali. Mai koyo zai iya gwada hannunsa da baƙin barkono, Piper nigrum: gari giram 15 a etanol mililita 150, a tafasa awa biyu da na'urar mayar da tururi, a tace, a ƙafar ya rage mililita 10 zuwa 15, a ƙara mililita 10 na fotasiyam haidirokzaid kashi 10 cikin 100 a etanol, a tsiyaye daga ƙaron da ya kwanta, a bar shi ya kwana a duhu. Siraran allurai ruwan ɗorawa za su fito, su ne fiferin, masu narkewa a wajen digiri 130.

Ɗigo ɗaya a faranti ɗaya bai tabbatar da tsarki ba. A gwada da haɗin ruwa uku daban-daban, a duba a HPLC. Don gwajin aiki ana son kashi 95 cikin 100 ko fiye, domin datti kashi 2 mai ƙarfi sosai yana iya zama shi ne mai aikin. Na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari, wato MS, tana ba da nauyi da tsarin lissafinsa. Gwajin na'urar NMR na haidirojin da na kabon, tare da nau'o'insa COSY, HSQC da HMBC, suna nuna yadda ɓangarorin suka haɗu. Miligiram 5 zuwa 10 sun wadatar a yawancin na'urori. Alama a 149 a MS ta fitalet ce, dogon tsini a 1.26 a NMR kuwa galibi maiƙo ne. Farin garin da ke saurin fitowa daga kason hekzen sau da yawa bita-sitositirol ne gauraye da sitigmasitirol, waɗanda ke cikin kusan kowane tsiro. Shi ya sa ya fi kyau a tura kaso mai aiki zuwa LC-MS, wato HPLC haɗe da MS, tun da wuri, a kwatanta da rumbunan bayanai, a san ko abin da ake bi sananne ne. A kuma nemi ɗigon sinadarin a ɗanyen tsimin da aka ajiye a firiza: idan babu shi a can, mai yiwuwa a hanya ya samu, kamar yadda metanol ke manne wa wasu asid ya sauya su.

Tsantsar sinadarin a sake gwada shi gefe da gefe da ɗanyen tsimi da sanannen magani, a ba da sakamakon a maikuromola don a iya kwatanta shi da wasu. Aiki a faranti mataki ne na farko kawai: saura a san ko hanji zai tsotse shi, ko hanta za ta rushe shi cikin mintuna, da abin da zai yi wa ƙoda. Gwajin dabbobi sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma da gwajin guba ake farawa, bisa ƙa'idar ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta OECD mai lamba 423, inda ake hawa daga miligiram 5 zuwa 50, 300, har 2000 a kowane kilo na nauyin dabba. Ragowar sinadarin a busar da shi sarai, a sa a ƙaramar kwalba mai duhu, a hura mata naitirojin idan akwai, a rubuta lamba da nauyi da kwanan wata, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili. Wanda aka narkar a DMSO a raba shi ƙananan kwalabe, domin DMSO yana jan danshi, kuma daskarewa da narkewa a kai a kai suna rage ƙarfin samfur.